Saura Gwaji Ɗaya

"A sha magani, lokaci ya yi. A sha magani, lokaci ya yi."

Aisha Humaira ta saki tsintsiyar da ke hannunta a tsakar gida. Kullum gari na yin haske sai muryar nan ta fito daga ɗakin Inna, kuma kullum sai tsigar jikinta ta tashi kamar yau ta fara jin ta.

Muryar Yaya Sadiq ce, har da 'yar dariyar nan tasa a ƙarshen magana. Shi kuwa mai muryar tun kakar bara yake kwance a maƙabartar bayan gari, tun ranar da wata motar masara ta bi ta kan babur ɗinsa a hanyar Bakori.

Sadiq ɗan fari ne. Inna Hansai ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, sai dai ta ce "yayanku". Shi ma haka ya tashi, doguwar magana ba ta haɗa shi da ita ko da Baba. Da aka ce tana da hawan jini, ya rasa bakin da zai riƙa tuna mata magani, sai ya naɗi muryarsa ya mai da ita ƙararrawar waya. Kullum da safe sai ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, wayar ta yi maganar a madadinsa, ya buɗe ta ya duba saƙonni, ya tashi ya tafi gona.

Wayar ta fita daga hatsarin da ɗan tsagewa a gefe kawai. Tun daga ranar Inna ba ta bari ta mutu ba. A cikin hularsa take ajiye ta, ta kai ta jikin sola da rana, ta zauna tana gadinta kamar mai jiran jinya.

Kuma a kulle take. Babu wanda ya san zanen da ake ja da yatsa ta buɗe.

"Humaira!"

Ta juya da sauri ta durƙusa. Malam Ummaru ne, mahaifinta, tsaye da carbi a hannu, ya kafa wa labulen ɗakin Inna ido.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Ki faɗa wa uwarki, bayan la'asar yayanki Bature zai zo ya karɓi wayar nan. Zai kai shagonsa na gyaran waya a Funtua ya wanke ta."

Ta ɗago kai da sauri.

"Baba, wanke ta fa ka ce? In aka wanke ai komai ya tafi!"

"To ya tafi mana. Ke ba ki ganin yadda ta koma? Mace ta zauna tana hira da waya? Har a masallaci an fara yi mini zancen. Wanda ya tafi addu'a yake buƙata, ba caji ba."

"Amma Baba, maganar da Awaisu ya ce tana ciki..."

"Kul!" Ya ɗaga mata yatsa. "Ni ban ce ki auri Bature ba, ban kuma taɓa cewa ba. Ki kawo duk wanda kika ga dama. Amma wanda yaron nan ya ce a'a da bakinsa, yana kan gargara, ba zan ɗaura miki aure da shi ba ko shi kaɗai ya rage a duniya. Wasiyya ce. Kina so in haɗu da shi gobe ƙiyama in ce masa me?"

Ya juya ya fice, ya bar ta durƙushe hawaye na ɗiga a kan ƙasar da ta share.

Wasiyyar nan, kunne ɗaya ne ya ji ta. Bature ɗan wan Baba ne, shi ya fara isa wurin hatsarin, shi ya sa Sadiq a mota zuwa asibiti. Bayan an yi sadakar uku ya zo ya zauna gaban Baba yana sharar hawaye, ya ce kalmar ƙarshe da marigayi ya faɗa ita ce, "Kada a ba Awaisu Humaira."

Ba a jima ba shi da kansa ya fara aiko mata da turare.

*

Da rana ta ɗaga, ta ɗauki kwanon abincin 'yan aiki ta nufi gona. A bakin hanya ta tarar da Awaisu, ya kashe injin casar masara yana ɗaure buhu, ƙaiƙayi duk ya yi masa fari a gira. Abokin Sadiq ne tun suna yara, tare suke noma, tare suke cin tuwo.

Yana ganin idonta ya saki igiyar.

"Wa ya taɓa ki?"

"Yau za a wanke wayar, Awaisu."

Ya juya yana kallon kwalta can nesa, wajen kwanar da kowa a garin ya daina son kallo.

"A nan Sadiq ya tsaya," ya ce a hankali, yana nuna gindin wata ɗorawa. "Wallahi Humaira kamar yanzu nake ganinsa. Ya ce, 'Kai Malam, kashe injin nan in yi wa tsoho magana.' Na ce ba sai ka je gabansa ba? Ya ce, 'Ni? In tsaya gaban Baba in yi zancen aure? Ai sai ƙasa ta tsage.' Ya naɗa a waya ina tsaye ina dariya. Ya ce da yamma zai ba ki ki kunna wa Baba. Ya hau babur..."

Bai ƙarasa ba.

"Da ya tura maka ai da an huta," ta ce cikin kuka.

Ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, wadda aka ɗaure da kyauro, ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"A wannan? Ita da ko hoto ba ta sani ba?"

Ta yi dariya ba ta shirya ba, dariyar ta koma kuka.

Ta tuna ranar zaman makoki. Wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu a cikin ɗakin mata da zaure, kowa na cewa a buɗe a sanar da abokansa. Wannan ya ja harafin farkon sunansa, wancan ya ja alamar bakwai. Har Gwaggo Barakatu, da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, sai da ta yi bisimilla ta dangwala yatsa. Babu wanda ya san Sadiq ya yi mata wani saiti saboda masu ƙwacen waya: in aka yi ta kuskuren zane har aka kai iyaka, da kanta za ta goge duk abin da ke cikinta.

Sai da Humaira ta fizge ta ta karanta abin da ya fito a fuskarta. Saura gwaji ɗaya.

"Zan gwada," ta ce tana share fuska da bakin hijabi. "Kafin la'asar zan ɗauke ta in gwada, ko me zai faru ya faru."

"A'a."

"Awaisu!"

"Na ce a'a. Kin san zanen?"

"Ban sani ba, amma..."

"To in kika kuskure fa? Ki shafe wa Inna muryar ɗanta da hannunki, saboda ni? Da wane ido zan shiga gidanku in gaishe ta? Ki je ki roƙi Baba ya bar mata abinta. Ni kuwa..." Ya kau da kai. "Dama Bature na yawo da ni a gari, wai kakata Fibi coci take zuwa a Malumfashi, wai ni ba sa'anku ba ne. Ban taɓa ɓoye kakata ba, ba kuma zan ɓoye ba. Amma in rabona da ke sai an bi ta kan hawayen Inna, na haƙura."

"Ka haƙura? Haka kawai? Ashe son naka mai sauƙin ajiyewa ne."

Ya ɗago jajayen idanunsa.

"Mai sauƙi? Humaira, kullum ta kwanar nan nake wucewa. Na rasa shi, ga shi zan rasa ki, sannan a bar ni da sunan maƙaryacin da ya yi wa mamaci ƙage. Ki ce mini komai, amma kada ki ce sauƙi."

Ta ajiye kwanon a kan buhu ta juya da gudu, yana kiranta ba ta waiwaya ba.

*

Ta tarar da Inna zaune a kan 'yar kujerarta a ƙofar ɗaki tana tankaɗe. Hular na gefenta. Rariyar ta daɗe da tsayawa, Inna ta tafi wata duniyar, yatsanta ne kawai ke motsi a cikin garin da ke kan faifai.

Humaira ta zo wucewa, sai ta tsaya cak.

Yatsan ya sauka, ya karya gefe, ya haura a karkace, ya tsaya. Inna ta shafe da tafin hannu. Yatsan ya sake sauka, ya karya gefe, ya haura a karkace, ya tsaya.

Humaira ta sha ganin haka. A kan toka, a kan gwiwa bayan sallah, a kan zanin gado. Ta ɗauka tunani ne kawai irin na mai baƙin ciki.

Ta zube a gaban Inna.

"Inna... mene ne wannan kike zanawa?"

Inna ta firgita ta watsa gari a kai.

"Me na zana? Tashi ki ba ni wuri."

"Inna, kin sani. Wallahi kin san zanen wayar Yaya!"

"Rufe mini baki!"

"Tun yaushe? Inna, tun yaushe kika sani kina kallona ina kuka?"

Inna ta kau da kai. Da ta buɗe baki, muryar kamar ba tata ba.

"Ban san fuskarsa ba, Humaira."

"Inna?"

"Na ce ban san fuskarsa ba. Yanzu in na rufe ido in nemo ta, ba ta zuwa. Tun yana jariri a hannun kakarku yake, in aka kawo shi shan nono sai an fita nake ɗauka. Ya girma, ya yi gemu, ni dai kaina na ƙasa. Haka muka tarar, haka aka yi mana." Hawaye suka gangaro suka ɗiga cikin garin. "Amma hannunsa, na san shi. Na san tabon lauje a babban yatsansa. Na san farcen da ya fashe bai sake fitowa daidai ba. Kullum ya durƙusa a nan, nan ɗin da kike, ni hannun nake kallo. To yaya ba zan san abin da hannun yake yi ba?"

Humaira ta kama ƙafafunta tana kuka.

"To ki buɗe, Inna. Ki taimake ni. Maganar tana ciki, Baba zai ji da kunnensa."

"In na kuskure fa?"

"Ba za ki kuskure ba."

"Ke kika ce saura ɗaya. Ke kika karanta. Ni ban yi boko ba, ban taɓa taɓa gilashin nan ba. In hannuna ya goce fa? Gobe gari ya waye shiru?"

"Ai na naɗar miki muryar a tawa wayar, ko ta goge..."

"Wannan ba shi ba ne." Ta girgiza kai da ƙarfi. "Wancan da hannunsa ya ajiye mini. Shi yake tashi da kansa ya neme ni, ba sai an danna ba. Yana raye ban amsa masa ba ko sau ɗaya. Ki bar ni da ɗan abin da ya rage mini, Humaira. Don girman Allah ki bar ni."

Ta ɗauki hular ta rungume a ƙirji ta shige ɗaki. Humaira ta kifa kai a kan kujerar, ta yi kuka har aka kira la'asar.

*

Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Bature ya yi sallama cikin shadda ruwan toka, makullin mota na lilo a yatsa, Baba na biye da shi.

"Ƙanwata ta kaina," ya ce yana murmushi. "Wannan ido haka? Ko albasa ake yankawa?"

"Ina wuni, Yaya Bature," ta ce ba ta dube shi ba.

Baba ya zauna a kan tabarma ya yi gyaran murya.

"Hansai, fito da abin nan."

Inna ta fito da hular a ƙirji, ta zauna a kujerarta. Ba ta miƙa ba.

"Inna, kawo mana," in ji Bature cikin lallashi. "Aikin minti kaɗan ne. In yi mata filashin ta dawo sabuwa fil, sai a ba Humaira ta riƙa amfani da ita. Ajiye kayan mamaci haka ba kyau."

Ya miƙa hannu. Inna ta ja baya har bayanta ya bugi bango, wani irin sauti ya fito daga ƙirjinta wanda Humaira ba ta taɓa ji ba, ko ranar da aka fita da gawar.

"Malam," ta ce, "ban taɓa yi maka musu ba tun da aka kawo ni gidan nan. Ka bar mini wannan. Shi kaɗai."

Baba ya daɗe yana kallonta. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya sunkuyar da kai ya share ido da gefen rawani.

"Bar ta, Bature."

"Amma Baba, ai mun gama magana..."

"Na ce ka bar ta. Ta riƙe abinta."

Inna ta saki wata doguwar ajiyar zuciya. Muryar ta tsira. Gobe ma zai kira ta, jibi ma haka.

Bature ya gyara tsayuwa, murmushin ya dawo da ƙyar.

"Shi ke nan, yadda ka ce. Dama don a kashe bakin masu ƙarya ne, masu cewa akwai wata magana a ciki. Tunda dai ba mai buɗewa, ai zance ya ƙare. Ko ba haka ba, ƙanwata?"

Humaira ta matso gaban mahaifinta ta durƙusa. Ta dubi Inna da hular a ƙirjinta, ta tuna abin da Awaisu ya ce a bakin gona.

"Haka ne, Baba. Zance ya ƙare. Na haƙura da Awaisu. Ba zan sake tayar da maganar ba."

Muryarta ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Fuskarta ma a bushe take.

Amma Inna ba fuska take kallo ba. Idonta na kan hannuwan 'yarta, da suka damƙe bakin hijabi suna karkarwa har jijiyoyi sun fito.

Inna ta ɗago kai ta dubi Baba.

"Malam," in ji Inna. "Zan buɗe ta."

Kowa ya juyo.

"Ki buɗe me?" in ji Baba. "Ke kin san..."

"Na sani."

Ta zaro wayar daga cikin hular, ta goge gilashin da bakin zaninta. Fuskar ta kawo haske, ɗigo tara suka bayyana, da jan rubutun gargaɗi a ƙasansu.

Bature ya yi wani irin kallo, sannan ya saki fuska.

"To ai shi ke nan! Bisimilla, Inna, gwada mana. Ja kawai, kada ki ji tsoro."

Maganar ta daki kunnen Humaira. Ta taɓa jin ta, da wannan muryar, da wannan zaƙin. Ranar makoki, shi ne yake bin mutane da wayar yana cewa, "Gwada mana, Kawu. Gwaggo, ke ma gwada." Mai shagon gyaran waya, wanda ya fi kowa sanin abin da gwajin ke jawowa.

Me ya sa yake murna yanzu?

Ta dubi Inna. Innar ta riƙe wayar tana fuskantarta kamar yadda kowa ke riƙewa, yatsanta mai gari ya kusa sauka a kan ɗigon sama.

"Inna, tsaya!"

Yatsan ya tsaya a iska.

"Ke, lafiyarki?" in ji Bature. "Ki bar ta ta yi abinta mana!"

Humaira ba ta ko kalle shi ba.

"Inna, in Yaya yana zanawa, ke kina ina?"

"Ina nan inda nake."

"Shi fa?"

"A gabana. Durƙushe."

"To ai ta kai kike ganinta, Inna. Shi take kallo, ba ke ba. Abin da kika haddace a juye yake. In kika ja shi haka, ta tafi."

"Innalillahi," in ji Baba a hankali.

Humaira ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta je daidai ƙofar ɗakin, inda ƙasa ta ɗan lotsa saboda durƙuson shekaru, ta durƙusa. Ta riƙe wayar ƙasa-ƙasa kusa da gwiwa, tana fuskantar ita Humairar, kamar yadda yake yi.

"Haka yake riƙewa?"

Inna ta dube ta.

"Ƙara sunkuyar da ita. Yawwa. Ɗora babban yatsanki a gefe." Ta rufe baki da hannu. "Haka. Wayyo Allah, haka."

"To ja, Inna. Yadda kike gani kullum."

"Wannan ai wasa ne," in ji Bature, muryarsa ta canza. "Baba, ka hana su, za su lalata..."

"Yi mana shiru," in ji Baba.

Inna ta yi bisimilla. Ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba yi in yana gabanta. Yatsan ya sauka a kan gilashin, ya bar ɗan farin gari. Ya karya gefe. Ya haura a karkace.

Ya tsaya.

Humaira ta runtse ido.

Wayar ta yi 'yar ƙara, ƙit.

Da ta buɗe ido, ɗigon sun ɓace. Hotonsa ne ya cika fuskar wayar, yana tsaye cikin masara da malafa a kai, yana dariya har haƙoransa a waje. Humaira ta juya wayar a hankali ta nuna wa Inna.

Wannan karon Inna ba ta kau da kai ba. Ta kafe hoton da ido, tana kallo, tana kallo.

Humaira ta shiga wurin da ake ajiye muryoyin da aka naɗa. Na saman yana ɗauke da kwanan watan da babu wanda ya manta a gidan. Ta danna, ta ƙure ƙara.

Iska ta fara fitowa, da kukan tsuntsaye, da dariyar wani a gefe.

"Kai Awaisu, yi mini shiru mana! To. Assalamu alaikum, Baba. A yi haƙuri, ta nan kawai zan iya. Maganar Humaira ce. Ni dai na zauna da Awaisu tun muna yara, na ci tuwon gidansu, har wajen kakarsa na kwana a Malumfashi. Ban san shi da wani abin ƙi ba. In ana neman shawarata, a ba shi. Bature ma ya same ni da maganar, na ce ya yi haƙuri, ba shi take so ba, kada a ɓata zumunci."

Baba ya ɗago kai a hankali ya dubi ɗan wansa. Makullin motar ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

Muryar ba ta ƙare ba. Ta ɗan yi ƙasa, kunya ta shige ta.

"Sannan... a faɗa wa masu ɗakin can, na ga maganin ya kusa ƙarewa. Yanzu zan leƙa Bakori in sayo kafin in dawo gida. Kada a yi fashin sha. Shi ke nan. Sai na zo."

Ƙit. Shiru.

Bature ya sunkuya ya lalubi makullinsa.

"Baba, wallahi a lokacin ba ya cikin hayyacinsa, wataƙila ni ne ban ji da kyau..."

"Da bakin mamaci ka yi mini ƙarya." Baba bai ɗaga murya ba, hawaye ne kawai ke bin gemunsa. "Ka sa na riƙe ƙaryarka kamar amana. Tashi ka ba ni wuri. Ni da ubanka za mu zauna."

Bature ya fice ko sallama babu. Sai da ƙarar motarsa ta ɓace Baba ya juyo wajen Humaira, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki aika gona. A ce wa Awaisu ina nemansa, ya zo yadda yake, ko wanka kada ya tsaya yi."

Humaira ta yi masa godiya cikin kuka. Ta juya ta miƙa wa Inna wayar.

Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta sa yatsa ta share ɗan garin da ya rage a kan kumatun hoton, a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashe shi daga barci. Leɓenta ya motsa sau ɗaya, babu abin da ya fito. Ya sake motsawa.

"Sadiq," ta ce.

Baba ya rufe fuska da rawani.

"Abubakar Sadiq. Na ji. Ina sha, ɗana. Kullum ina sha."